Yadda Ake Kafa Gonar Inabi Ta Kai Shekara Talatin Tana Ba Da Amfani

A shekarar 2023 labarai biyu suka fito daga duniyar noman inabi, kuma da ji ɗaya sai ka ɗauka suna karo da juna. Na farko, giyar inabin da aka samar a duniya a wannan shekarar ita ce mafi ƙaranci tun 1961, saboda fari da funfuna da sauran matsalolin yanayi. Na biyu, a yankin Bordeaux na Faransa an fito da shirin biyan manoma Yuro 6,000 kan kowace hekta don su tumɓuke kurangar inabinsu, kusan hekta 9,500 ke nan. Amfani ya yi ƙaranci, ga shi kuma ana biyan mutane su cire shuka. Dalili shi ne masu shan jar giya sun ragu, kurangar da aka dasa shekaru ashirin baya kuwa ba ta san kasuwa ta juya ba.

Wannan shi ne bambancin inabi da shukar shekara-shekara. Mai hatsi idan bana ta ƙi, baɗi sai ya sauya iri. Mai inabi kuwa abin da ya yanke a shekaru ukun farko shi zai zauna da shi shekara ashirin da biyar zuwa talatin. Saboda haka kafin a haƙa rami ko ɗaya, a san wa zai sayi 'ya'yan kuma me zai yi da su: na ci ne ɗanye, na zabibi ne, na matse ruwa ne, ko na masana'antar giya. Kowanne da irinsa, da tazararsa, da yadda ake yi masa aski, wato datse rassa, da yawan zaƙin da ake jira ya kai.

Fili da ƙasa

Inabi yana son rana sosai, yana son iska ta ratsa shi, kuma ba ya jure saiwarsa ta kwana cikin ruwa. Kada a dogara da kallon saman ƙasa. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi a wurare uku ko huɗu cikin kowace hekta, a shiga a duba bangon ramin. Idan an ga ƙasa mai launin toka da ɗigo-ɗigon tsatsa, ruwa na kwanciya a wurin wani lokaci na shekara, sai an yi magudana kafin dashe. Idan an ci karo da dandaɓaɓɓiyar ƙasa mai tauri a zurfin santimita 40 ko 50, sai an tsaga ta da garma mai dogon haƙori lokacin da ƙasar take a bushe, domin idan da danshi aka yi, haƙorin zai shafe ta ne kawai kamar yaɓe. A kai samfurin ƙasa ɗakin gwaji daga zurfi biyu, na sama da na ƙasa. Ma'aunin tsami na pH da inabi ya fi so yana tsakanin 5.5 da 7. Duk gyaran da za a yi da farar ƙasa ko fosfarus, yanzu ne lokacinsa, don bayan an kafa turaku da waya babu yadda za a sake juya ƙasa da zurfi.

A ƙasashe masu sanyi a guji kwari. Iska mai sanyi tana gangarowa kamar ruwa ta taru a ƙasan tudu, shi ya sa gonakin da suka yi suna a yankin Burgundy na Faransa suke a tsakiyar gangare.

Gindi da reshen sama

Kusan duk kurangar inabin da ake dasawa don kasuwanci 'yar aure ce: gindinta da saiwarta na wani iri ne, samanta mai ba da 'ya'ya na wani. Abin ya samo asali ne daga wani ɗan ƙwaro da ake kira filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka a farkon shekarun 1860. Yana tsotsar saiwa, raunin ya ruɓe, kuranga ta mutu cikin 'yan shekaru. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 ya hallaka mafi yawan gonakin inabin Faransa. Mafitar da aka samu ita ce a aura inabin Turai a kan gindin inabin daji na Amurka, wanda ya saba zama da ƙwaron. Har yau babu wata dabara da ta fi wannan. Wurare kaɗan ne, kamar Chile da wasu filaye masu tsantsar yashi, ake dasa inabi da saiwarsa ta asali ba tare da fargaba ba.

Zaɓen gindi ya danganta da abin da aka gani a ramin gwaji. Ga ƙasa mai fari da duwatsu akwai 110R da 140Ru da 1103P, saiwarsu na nitsewa ƙasa sosai, amma a ƙasa mai ni'ima za su sa kuranga ta haukace da ganye. Ga ƙasa mai zurfi da danshi, 3309C ko 101-14 sun fi, domin suna rage ƙarfin tsiro, sai dai ba sa jure ƙishirwa. Inda alli ya yi yawa a ƙasa har ganye ke yin rawaya don rashin sinadarin ƙarfe, 41B ake nema, shi ya sa ya yi yawa a yankin Champagne na Faransa. Inda tsutsotsin saiwa suka addabi ƙasa mai yashi kuma, Ramsey ko Dogridge.

Kuskure a nan yana da tsada. A jihar Kalifoniya ta Amurka an daɗe ana dasa wani gindi mai suna AxR1 saboda yana ba da amfani mai yawa kuma yana da sauƙin aure, duk da cewa Turawan Faransa sun riga sun yi watsi da shi. A shekarun 1980 filoksera ta ci ƙarfinsa, dole manoman Napa da Sonoma suka tumɓuke dubban hektoci suka sake dashe. A sayi dashe daga gandun renon da ke da takardar shaidar cewa an gwada iyayen shukar ba su da cutar bairos, musamman mai naɗe ganye, domin ita ba ta da magani sai cirewa.

Tazara, turaku da dashe

Lissafin yawan kuranga a hekta mai sauƙi ne: a raba 10,000 da abin da aka samu idan an ninka tazarar layi da tazarar shuka. Layi mita 3, shuka mita 1.5, zai ba da kuranga 2,222. A wasu gonakin Médoc, a yankin Bordeaux, ana dasa mita ɗaya da mita ɗaya, kuranga 10,000 ke nan, amma wannan ƙasa ce mai tsakuwa marar ƙarfi, kuma suna da taraktoci na musamman masu taka layi a tsakanin ƙafafunsu. Wanda ya kwaikwayi wannan a ƙasa mai albarka, kurmi zai samu. Faɗin taraktar da za a yi aiki da ita shi ke yanke tazarar layi, a ƙara mata aƙalla santimita 60.

Turakun ƙarshen layi su ne ke ɗaukar nauyi. A samo masu tsawon mita 2.4 zuwa 2.7, a binne santimita 60 zuwa 90, a karkatar da su waje kaɗan, a ɗaure su da anga. Turakun tsakiya kowane mita 6 zuwa 7. Wayar da za ta ɗauki 'ya'ya, mai kaurin milimita 2.5, a ja ta a tsayin santimita 80 zuwa 100 daga ƙasa. Sama da ita a sa wayoyi bibbiyu hawa biyu ko uku, tazarar kusan santimita 30, waɗanda za a riƙa cusa sababbin rassa a tsakaninsu.

Ranar dashe, a jiƙa saiwar cikin ruwa na wasu awanni, a datse masu tsawo su koma santimita 10 zuwa 15. Idan aka cusa doguwar saiwa ta lanƙwashe ta kalli sama, haka za ta zauna, kurangar kuma ba za ta taɓa yin ƙarfi ba. Kada a zuba takin zamani cikin ramin, yana ƙona sabuwar saiwa. Mahaɗar aure ta tsaya santimita 5 zuwa 10 a saman ƙasa bayan ƙasa ta zauna. Idan aka binne ta, reshen sama zai fitar da tasa saiwar, duk amfanin gindin da aka biya kuɗi a kai ya tafi. A danne ƙasa da ƙafa, a zuba ruwa lita 5 zuwa 10, a kafa sanda kusa da kowace shuka.

Shekaru ukun farko

A nan ne kwaɗayi ke kayar da mutane. Kuranga takan fitar da 'yan nonna tun a shekara ta farko ko ta biyu, mai gona ya gani ya kasa cirewa. A cire su duka. Abincin da ganye ya haɗa a wannan lokacin na saiwa ne da gangar jiki. Kurangar da aka ɗora wa 'ya'ya tun tana ƙarama takan tsumbure, kuma abin da aka ci a shekara ta biyu za a biya shi ninki a ta biyar da ta shida.

A shekarar farko a zaɓi toho ɗaya mafi ƙarfi, a riƙa ɗaure shi a jikin sanda kowane santimita 20 ko 25, ɗauri sakwa-sakwa don kada ya shaƙe shi idan ya yi kauri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gangar da ta karkace yanzu har abada za ta riƙa karo da garma. Ciyawa ita ce babbar abokiyar gaba a wannan shekarar, a share ta rabin mita kowane gefe. Idan lokacin sanyi ya zo kuranga ta zubar da ganye, a duba: idan reshen ya kai wayar 'ya'ya da kaurin fensir, a datse shi a nan. Idan bai kai ba, a mayar da shi ido biyu kacal (ido shi ne wurin da toho ke fitowa) daga mahaɗar aure, ya sake tasowa baɗi. Da ciwo a yanke aikin shekara guda, amma siririyar ganga ba ta gyaruwa daga baya. A shekara ta biyu ake fitar da hannuwa a kan waya. A ta uku a bar kusan rabin amfani. Cikakken amfani sai ta huɗu ko ta biyar.

Aski

Duk wanda bai fahimci abu biyu ba, aski zai zame masa yankan kan-mai-uwa-da-wabi. Na farko, inabi yana fitowa ne a jikin sabon tohon bana, wanda ya tsiro daga idon reshen bara. Tsohon icce ba ya haihuwa. Na biyu, nonon da za a girba bana an ƙulla shi ne a cikin idon tun bara, a makonnin da suka biyo bayan fure. Idon da ya sha rana a lokacin yakan ƙulla nonna biyu, wanda ya zauna a inuwa yakan ƙulla ɗaya ko ya tashi da ganye zalla. Wato inuwar da aka bari bara ita ake girba bana.

Kowace shekara, lokacin da kuranga take barci, ana cire kusan kashi 90 cikin 100 na rassan da ta yi. Hanyoyi biyu ne suka fi yaɗuwa. Ta farko ita ce ta dogon reshe, wadda ake kira da sunan Jules Guyot, likitan Faransa da ya yaɗa ta a ƙarni na 19. Ana zaɓar reshen bara guda ɗaya kusa da kan ganga, a bar masa ido 8 zuwa 12, a kwantar da shi a kan waya a ɗaure. Ƙasa da shi kaɗan a bar wani guntu mai ido biyu, wanda zai fitar da reshen da za a kwantar baɗi. Sauran duka a yanke. Kuranga mai ƙarfi ana iya bar mata reshe biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Hanya ta biyu ita ce ta dawwamammen hannu: a bar hannun kuranga a kan waya shekara da shekaru, a jikinsa kowane santimita 15 a bar guntu mai ido biyu. Wannan ta fi sauri, ma'aikaci sabo ma zai iya koyonta a yini ɗaya, kuma inji na iya yin rabin aikin.

Ba son rai ke zaɓa tsakaninsu ba, irin inabin ne. Sultana, wadda a Amurka ake kira Thompson Seedless kuma ita ce uwar zabibi, idanunta na gindin reshe ba su cika haihuwa ba. Wanda ya yi mata askin ido biyu zai tashi da gona shar da ganye babu 'ya'ya. Ita sai dogon reshe, ido goma sha biyu zuwa sama. Cabernet Sauvignon da Syrah da Grenache kuwa suna haihuwa tun daga idon farko, guntu ya ishe su.

Reshen da za a bari ya kasance mai kaurin fensir, kusan milimita 8 zuwa 10, launin ƙasa-ƙasa har ƙarshensa, zagayayye, gaɓoɓinsa ba su yi nisa da juna ba. Ƙaton reshe mai faɗi da dogayen gaɓoɓi yana da ban sha'awa a ido, amma ba shi da 'ya'ya. Wajen kwantar da dogon reshe, idanun ƙarshe ne ke rigan tsirowa su danne na tsakiya. Idan an ga tsakiyar reshe na zama fayau kowace shekara, a lanƙwasa shi kamar baka kafin a ɗaure, ko a rage tsawonsa.

Yadda ake yankan ma yana da ƙa'ida. Raunin aski ba ya warkewa kamar na sauran itatuwa, bushewa yake yi ya shiga ciki. Saboda haka idan za a yanke icce mai shekara biyu zuwa sama, a bar ɗan kututture mai tsawon kusan ninki biyu na kaurinsa, don bushewar ta tsaya a nan, kada ta toshe hanyar ruwan ganga. Kada a yi aski ana ruwa ko ana sa ran ruwa, domin ta sabon rauni ne cututtukan ganga irin su eska da yutifa suke shiga, kuma sai bayan shekaru alamarsu ke bayyana, hannu ɗaya ya mutu, sannan kurangar gaba ɗaya. Manyan raunuka a shafe su da maganin rufe rauni a ranar.

To ido nawa za a bari? Kurangar da kanta za ta faɗa, idan an auna. A yi wa kuranga goma zuwa ashirin alama a kowane ɓangaren gona. Ranar girbi a auna nauyin 'ya'yan kowacce, ranar aski a auna nauyin rassan da aka yanke mata, sai a raba na farko da na biyu. Wannan shi ne ma'aunin Ravaz, kuma abin da ake so ya faɗo tsakanin 5 da 10. Kilo 4 na 'ya'ya da rabin kilo na rassa ya ba da 8, lafiya lau. Kilo 6 da giram 400 ya ba da 15, an yi mata lodi fiye da ƙarfinta, 'ya'yan ba za su nuna da kyau ba, sai a rage ido. Idan ya gaza 5, ƙarfinta na tafiya a ganye, a ƙara ido, a rage ruwa da takin naitirojin. Mutane da yawa idan suka ga kuranga ta yi ganye fiye da kima sai su ƙara tsananta aski, alhali wannan ƙara mata hauka yake yi, domin duk ƙarfin saiwar zai taru a 'yan idanun da suka rage.

Sanyi da ƙanƙara

Kuranga na farkawa idan matsakaicin zafin yini ya kai kusan digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Sabon toho kuwa yana mutuwa idan sanyi ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili. Hotunan dubban kyandirori da aka gani suna ci cikin dare a gonakin Burgundy a watan Afrilun 2021 na wannan yaƙin ne: ɗumin ƙarshen Maris ya tashi kuranga da wuri, sanyi ya dawo ya same ta a buɗe. Kowane ido yana da na ajiya a cikinsa da zai fito idan na farko ya mutu, amma amfaninsa sau da yawa bai kai rabi ba.

Mafi arhar kariya ita ce jinkirta aski a wuraren da sanyi ke taruwa, wanda ke iya jinkirta tsiro da mako guda ko fiye. A yanke ciyawar tsakanin layuka ƙasa-ƙasa, kuma kada a yi huɗa a wannan lokacin, don ƙasa mai tauri da ɗan danshi ta fi riƙe zafin rana ta sake shi da dare. Manyan fankoki suna aiki ne kawai idan akwai iska mai ɗumi a sama da za su jawo ƙasa. Masu yayyafa ruwa kuwa idan sun fara kada su tsaya sai ƙanƙarar da ta lulluɓe tohon ta narke da safe, tsayawa a tsakiya ya fi rashin farawa muni. Ƙanƙarar sama ba ta da magani sai raga, kamar yadda manoman Mendoza a Ajantina suke rufe layukansu.

Ganye, funfuna da feshi

Idan toho ya kai santimita 15 zuwa 20, a bi layi a fizge waɗanda suka fito a ganga da waɗanda suka yi cunkoso, a bar kusan 12 zuwa 15 a kowace mita. Bayan fure ya kama 'ya'ya, a cire ganye biyu ko uku da ke kewaye da nonna a gefen da ranar safe ke bugawa. Gefen ranar yamma a bar masa rigarsa a wuri mai zafi, in ba haka ba 'ya'yan su ƙone. Wannan aikin hannu rabin maganin cuta ne, domin nonon da iska ke ratsawa yana bushewa da wuri, feshi kuma yana isa gare shi.

Funfuna iri biyu ce ke cin gonar inabi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko mai son ruwa ce. Alamarta tabo mai kamar ɗigon mai a saman ganye, da farin gashi-gashi a ƙarƙashinsa. Manoman Turai suna da ƙa'idar goma uku ta sanin lokacin da za ta fara: toho ya kai santimita 10, zafi ya kai digiri 10, an yi ruwan milimita 10 cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsohon maganinta shi ne haɗin Bordeaux, wanda masanin tsirrai Millardet ya bayyana a 1885, bayan ya lura cewa kurangar bakin hanya da ake shafa wa shuɗin magani don korar ɓarayi ba ta zubar da ganye. Ana haɗa kilo ɗaya na shuɗin gishirin tagulla da kilo ɗaya na farar ƙasa da aka kashe da ruwa, cikin lita 100 na ruwa. A narka kowanne daban a mazubin roba, ba na ƙarfe ba, sannan a zuba ruwan tagullar cikin na farar ƙasar ana juyawa. A tsoma sabuwar ƙusa na minti ɗaya, idan ta fito da ja-ja a jikinta, haɗin zai ƙona ganye, a ƙara farar ƙasa. A tace, a fesa a ranar. Tagulla kariya ce kawai, ba ta warkar da abin da ya riga ya kamu, kuma ruwan sama na kusan milimita 20 yana wanke ta. Tana kuma taruwa a ƙasa ba ta ruɓewa, shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai.

Ta biyu ita ce mai kama da toka, ita ba ta buƙatar ruwan sama. Inuwa da ɗumi na digiri 20 zuwa 27 sun ishe ta. Tana lulluɓe 'ya'ya, fatarsu ta daina miƙewa, su tsage. Maganinta farar wuta, kowane kwana 7 zuwa 14. Lokacin da ba a wasa da shi shi ne daga fure zuwa mako uku ko huɗu bayansa, wanda ya yi sakaci a nan ba zai gane ba sai 'ya'ya sun fara fashewa. Kada a fesa farar wuta idan zafi ya haura digiri 30, ko cikin mako biyu da fesa maganin mai. Inabin da za a kai masana'antar giya a daina fesa masa kusan wata guda kafin girbi, don ragowarta na jawo warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ruwa

Daga tsiro zuwa kama 'ya'ya kada kuranga ta ji ƙishirwa. Daga nan zuwa lokacin da 'ya'ya suka fara sauya launi, inabin giya ana ɗan matsa masa don ya daina tsawo, 'ya'yan su tsaya ƙanana masu kaurin fata. Inabin ci kuwa girma ake so, ba a matsa masa. A duba kan toho da safe: idan 'yan igiyoyin da yake kama waya da su sun miƙe sun wuce kansa, yana cikin wadata. Idan sun langaɓe ko sun bushe, ya fara jin jiki. Ruwa mai yawa dab da girbi yana fasa 'ya'ya ya jawo ruɓa. Bayan girbi kuma kada a juya wa gona baya, ganyen da ya rage shi ke tara abincin da tohon baɗi zai tashi da shi.

A ƙasashe masu zafi inda kuranga ba ta barci, aski da ban ruwa su ke maye gurbin sanyi. A Nashik ta Indiya ana aski sau biyu: a Afrilu a mayar da rassa ido ɗaya don a gina sababbi, a Oktoba a yi askin 'ya'ya, a girbe a watannin rani na farkon shekara. A kwarin São Francisco na Birazil har girbi biyu ake yi a shekara. Kuranga irin wannan ba ta kai tsawon ran ta ƙasar sanyi.

Girbi

Inabi ba ya ƙara nuna bayan an yanke shi, yadda aka cire shi haka zai zauna. Tsofaffin manoman Faransa suna ƙirga kusan kwana 100 daga fure zuwa girbi, amma wannan na shirya ma'aikata ne, awo ke yanke rana. Mako biyu ko uku bayan sauya launi, a fara ɗibar samfuri kowane mako: 'ya'ya 100 zuwa 200 daga gefe biyu na layi, daga sama da tsakiya da ƙasan nono, har da waɗanda ke ɓoye a inuwa. Hannu yana son ɗauko kyawawa, a hana shi. A murƙushe su cikin leda, a ɗiga ruwan a kan rifaraktomita, na'urar auna zaƙi, wadda aka riga aka daidaita da tsantsar ruwa ta nuna sifili. Inabin ci ana cire shi a Brix (ma'aunin zaƙi) 16 zuwa 18, na farar giya 20 zuwa 23, na ja 23 zuwa 25, na zabibi daga 21 zuwa sama. A Champagne da wuri suke cirewa don tsami suke so, kuma doka ta wajabta musu girbi da hannu. Zaƙi kaɗai ba ya isa: a auna tsami, a tauna fata, a duba ƙwallon ciki ko ya koma ruwan ƙasa. A kuma auna nauyin 'ya'ya 100 kowane lokaci. Idan Brix na hawa nauyi na sauka, bushewa suke yi, jira ba zai ƙara komai ba.

A yi yanka da sassafe ko da dare, a zuba a akwatunan da ba su wuce kilo 15 zuwa 20 ba don na ƙasa kada su fashe, a ajiye a inuwa. Inabin ci a riƙe shi ta ƙotar nono don kada a goge farin garin da ke jikin fatarsa, a sanyaya shi cikin 'yan awanni zuwa kusan digiri sifili, kowace awa da ya yi a zafi tana busar da ƙotar ta koma baƙa. Na zabibi ana shanya shi mako biyu zuwa uku, a juya shi sau ɗaya, kilo huɗu zuwa huɗu da rabi na ɗanye ke ba da kilo ɗaya. Kurangar nan da aka yi wa alama kuwa a girbe su daban tun kafin ma'aikata su shiga layin, a rubuta nauyin kowacce, domin da wannan lambar za a shiga askin da ke tafe.